Madalla da Masu Godiya na Sabuwar Ingila

A jinjina wa mutanen Plymouth. Duk mai son ya ga yadda ake gode wa Allah ba dare ba rana, a kan abin da aka ba mutum da abin da ya ɗauka ba a ba shi ba, to ya nemi labarin Turawan Ingila da jirgin Mayflower ya kai gaɓar Amurka cikin Nuwamban 1620. Su 102 ne, sun yi kwana 66 a kan teku. Jigon tafiyar 'yan ikilisiya ɗaya ne da suka ɓalle daga Cocin Ingila, suka yi fiye da shekara goma suna gudun hijira a garin Leiden na ƙasar Holan. Ƙafarsu na taɓa ƙasa suka durƙusa suka yi addu'a.

Ba a yi mako guda ba wata godiyar ta taso. Mutum 16 suka fita da bindigogi ƙarƙashin Myles Standish, suka tarar da tudun yashi da hannu ya shafe, suka tona, sai ga kwanduna cike da masara, irin shuka ne da 'yan ƙasa suka binne suna jiran damina. Suka kwasa, suka dawo suka ƙara. William Bradford, wanda daga baya ya daɗe yana gwamnan garin, ya rubuta cewa wannan tanadi ne na musamman daga Allah. Dubi tsarkin zuciya! Ɓarawo in ya shiga rumbun wani sai ya yi ta waige-waige. Su kuwa bayin Allah sama suke kallo. A zagayen nan har kabari suka tona, suka zaɓi abubuwan da suka fi kyau a ciki, suka mayar da ƙasa. Masarar dai sun biya diyyarta bayan wasu watanni, kada a ci musu haƙƙi.

Wahalar da suka sha gaskiya ce, ba zan rage mata komai ba. Hunturun farko ya kashe kusan rabinsu. Akwai lokacin da mutum shida ko bakwai ne kaɗai ke iya tsayuwa da ƙafafunsu, su ne masu hura wuta, masu dafa abinci, masu wanke kayan marasa lafiya da ƙazantarsu. Wanda ya taɓa yin jinya ya san nauyin wannan. Zumunci ne na gaske. Abin da ke ci mini rai shi ne inda iyakarsa ta tsaya, daidai bakin ƙofar majami'a.

Wurin da suka kafa garinsu suka tarar da shi shararre, ga gonaki, ga ruwan sha, babu mai shi. Sunansa Patuxet. Tsakanin 1616 da 1619 wata annoba da ake dangantawa da jiragen Turawa ta share garuruwan gaɓar, har ƙasusuwa suka kwanta a fili don babu mai binnewa. Mai raunin imani da ya ga haka kuka zai yi. Su kuwa nan take suka gane hikimar abin: an share musu wuri ne. Takardar izinin da Sarki James ya bayar a 1620 ma ta lissafa annobar cikin alamun yardar Allah. A 1634, bayan agana ta sake yin ɓarna, John Winthrop na Boston ya rubuta wa wani abokinsa cewa 'yan ƙasa sun kusa ƙarewa, don haka Ubangiji ya tabbatar musu da mallakar abin da ke hannunsu. Ina aka taɓa samun takardar fili mai sauƙi irin wannan? Babu ciniki, babu shaidu, babu magada.

Sai dai akwai magaji ɗaya da ya rage, Tisquantum. Wani kyaftin ɗin jirgin Ingila, Thomas Hunt, ya sace shi a 1614 ya kai shi Malaga ta ƙasar Sifen don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya dawo gida a 1619 ya tarar danginsa sun ƙare. Wannan mutumin, da ke da kowane dalili na ƙin Bature, shi ya koya musu shuka masara da takin kifi, shi ya nuna musu inda ake kamun kifin, shi ya yi musu tafinta. Ousamequin, babban sarkin Wampanoag wanda aka fi sani da Massasoit, ya ƙulla amana da su cikin Maris na 1621, yana neman abokan ƙawance saboda maƙwabtansa Narragansett. Bradford ya yaba wa Tisquantum, ya kira shi kayan aiki na musamman da Allah ya aiko musu. Nan ne gwanintar godiyarsu take, kuma ya kamata a tsaya a duba ta da kyau. Manomi in ya cika rumbu ba ya juyawa ya yi wa fartanya godiya, ba ya kuma jin tana bin sa bashi. Da zarar mai taimako ya zama kayan aiki, godiya sai ta tsallake kansa ta wuce sama kai tsaye, a ƙasa kuma babu sauran wanda za a saka wa. A ci abincin mutum, a ɗaga hannu a ce amin, a tashi wasai.

Da kaka ta 1621 aka yi walimar da duniya ta sani, kwana uku, Ousamequin ya zo da mutum 90, suka kawo barewa biyar. Ita ake zanawa a littattafan yara. Ba a cika zana abin da ya biyo baya a 1623 ba, lokacin da labarin wani makirci ya iso, Standish ya tafi Wessagusset, ya jawo wasu mazajen ƙabilar Massachusett cikin ɗaki da sunan cin abinci, aka rufe ƙofa aka kashe su. Ya dawo da kan ɗaya daga cikinsu, Wituwamat, aka kafa shi a kan ginin tsaron Plymouth. Ƙasan ginin nan kuwa shi ne wurin sujadarsu. Ran Lahadi sai a yi layi, maza da bindigogi, a shiga ƙarƙashin kan mutum a rera zabura. Fastonsu John Robinson, da ya rage a Leiden, ya rubuto yana baƙin ciki, yana cewa da ma sun jawo wasu ga bangaskiya kafin su kashe kowa, ya kuma gargaɗe su cewa jini in aka fara zubar da shi ba ya saurin tsayawa. Allah sarki, dattijo! Yana can nesa, bai san yadda ake rainon sabuwar ƙasa ba.

Daga 1630 dubbai suka biyo baya suka kafa Boston da garuruwan Massachusetts, a nan rayuwar ikilisiya ta kai maƙura. Kowane gari da majami'arsa a tsakiya, ita ce wurin sujada, ita ce wurin taron gari. Wa'azi safe da yamma, ɗaki babu wuta ko da ƙanƙara na zuba, maza gefe, mata gefe, kujeru bisa daraja da dukiya. Wanda ya ƙi zuwa a ci shi tara. Sun kafa makarantar Harvard a 1636 don kada su rasa masu wa'azi, sun buga littafin zabura a 1640. Mutum ba ya zama cikakken ɗan ikilisiya sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin yadda alherin Allah ya shige shi, sun gamsu. Tun 1631 kuma aka yi doka cewa ɗan ikilisiya ne kaɗai ke da ƙuri'a. Mutanen da suka ƙetare teku don a bar su su bauta wa Allah yadda zuciyarsu ta ga dama sun san darajar wannan 'yanci ƙwarai, shi ya sa ba su yarda kowa ya taɓa shi ba sai su. Roger Williams, mai wa'azi ne a cikinsu, ya ce sarkin Ingila ba shi da ikon kyauta da ƙasar da ba tasa ba, kuma hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum ibada. Aka yanke masa hukuncin kora a 1635, ya gudu cikin ƙanƙara, mutanen Ousamequin suka ba shi masauki. Anne Hutchinson ta tara mata a gidanta suna bitar wa'azi, aka gurfanar da ita a 1637 aka kore ta. Mary Dyer, 'yar ɗariƙar Quaker, aka rataye ta a Boston ranar 1 ga Yuni 1660. Tsabtace gida kenan.

Ranar 26 ga Mayu 1637, kafin gari ya waye, rundunar Turawa ƙarƙashin John Mason da John Underhill tare da mataimakansu na ƙabilun Mohegan da Narragansett suka kewaye garin ƙabilar Pequot da ke bakin kogin Mystic. Kafin tafiyar sai da limamin rundunar, Samuel Stone, ya kwana yana addu'a a nuna musu hanya. Suka cinna wa garin wuta, suka tsare ƙofofinsa biyu, wanda ya fito a sare shi ko a harbe shi. Cikin kamar sa'a guda mutum 400 zuwa 700 suka mutu, da yawansu mata da yara da tsofaffi. Turawa biyu aka rasa. Narragansett ɗin, waɗanda ake kira arna, suka ce wannan yaƙi ya yi muni, kisan ya yi yawa. Underhill ya ba su amsa a rubuce daga baya da yaƙe-yaƙen Dauda. Bradford ya bayyana ƙaurin naman mutane a wuta, ya ce abin tsoro ne, sannan ya kwatanta nasarar da hadaya mai daɗi wadda suka miƙa yabonta ga Allah. Cikin Yuni aka keɓe rana a dukan majami'un Massachusetts don godiya. Yarjejeniyar Hartford ta 1638 ta haramta ko kiran sunan Pequot. Wasu daga cikin kamammun aka loda su a jirgin Desire zuwa tsibiran Karebiyan, jirgin ya dawo a 1638 da auduga da taba da gishiri da bayi 'yan Afirka. A 1641 dokokin 'yanci na Massachusetts suka halatta bautar da wanda aka kama a yaƙi da wanda aka sayo. Ni'ima dai a kan ni'ima.

Kada a ce ba su damu da ran ɗan ƙasa ba. Hatimin Massachusetts na 1629 hoton ɗan ƙasa ne da kwari da baka, yana roƙon su ƙetaro su taimake shi. Fasto John Eliot ya ɗauki wannan da gaske, ya koyi harshen 'yan ƙasa, ya fassara Littafi Mai Tsarki dukansa aka buga a 1663, shi ne na farko da aka buga cikakke a nahiyar. Aka kafa garuruwa 14 na 'yan ƙasa masu bi, Natick ne na farko a 1651. Suka aske gashi, suka sa tufafin Turawa, suka karɓi baftisma, suka zama 'yan'uwa cikin Almasihu. Da yaƙi ya ɓarke a 1675 sai aka kwashe ɗaruruwansu aka zuba a tsibirin Deer da ke bakin Boston, cikin hunturu, babu isasshen abinci, babu matsuguni. Da yawa can suka mutu suna addu'a da Littafin da aka ba su. Eliot ya roƙi hukuma ta daina sayar da 'yan ƙasa bayi, ya ce cinikin rayuka mugun fatauci ne. Ba a saurare shi ba. Shi da Williams da Robinson su ne shaidata cewa Littafin bai ce a yi haka ba, domin shi ɗin suka karanta su ma, kuma a zamani ɗaya.

Yaƙin na Metacom ne, ɗan Ousamequin, wanda Turawa ke kira Sarki Philip. Shekara hamsin ana cin ƙasar ubansa da takardun sayarwa da bashi da tarar kotu, shanun baƙi na cinye gonakin masara, har aka rataye mutanensa uku a Plymouth cikin Yunin 1675. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma wannan raɓar ta zama ambaliya. Yaƙi ya ci ɓangarorin biyu, garuruwan Turawa da dama sun ƙone. Ranar 12 ga Agusta 1676 aka harbe Metacom a fadama, aka yanka gawarsa gida huɗu aka rataye a bishiyoyi. Ranar 17 ga wata Plymouth na bikin godiya, an tashi daga sujada ba da jimawa ba sai ga kansa an shigo da shi gari. Wane dacen lokaci ya fi wannan? Aka kafa shi a kan sanda, ya yi fiye da shekara 20 a wurin, yaran da aka haifa a lokacin suka girma suna wucewa ta gabansa.

Saura ɗansa, yaro ɗan kimanin shekara tara, jikan mutumin da ya kawo barewa wajen walima. Nan ma ba su yi gaggawa ba, don mutane ne masu tsoron Allah. Aka tambayi manyan fastoci ko ya halatta a kashe yaro saboda laifin ubansa. Aka buɗe Littafi, wannan ya kawo aya, wancan ya kawo aya. James Keith na Bridgewater ya tsaya a kan cewa ba a kashe ɗa don zunubin uba. Tausayi ya yi rinjaye, aka sayar da yaron bawa zuwa ƙetaren teku a 1677.

A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya, sannu a hankali aka ɗinke ta da walimar 1621, aka bar sauran ranakun godiyar a cikin kundi. A 1970, wajen bikin cika shekara 350 da saukar jirgin, hukumar Massachusetts ta yi karamci ta gayyaci wani Bawampanoge, Wamsutta Frank James, ya yi jawabi a wajen liyafa. Aka nemi ganin takardarsa tukuna. Da aka ga ya ambaci masarar da kaburburan da ƙasar, sai aka ce wannan bai dace da ranar zumunci ba, aka miƙa masa wani jawabin da aka rubuta masa. Ya ƙi karantawa. Ya hau tudun Cole, kusa da gunkin Ousamequin, ya yi maganarsa a fili ga waɗanda suka biyo shi, suka sa wa ranar suna Ranar Makoki ta Ƙasa. Tun daga shekarar suke taruwa a wurin kowace Alhamis ta huɗu ta Nuwamba da tsakar rana.