Kowa da Irin Kwarangwal Ɗinsa

Da zarar ganyayen itatuwa sun fara ja a Amurka, sai kaburbura su fara tsirowa a ƙofar gidajen mutanen da ke nan da ransu da lafiyarsu. Kafin a kai daren Halowin, 31 ga Oktoba, layin da ka sani da ciyawa a gyare da tutar ƙasa a rataye ya cika da fatalwowi da mayu da jemagu da saƙar gizo ta auduga. Ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a 2023 bikin ya ci dala biliyan 12.2, kusan biliyan 4 daga ciki a kan kayan ƙawata gida kaɗai. Na daɗe ina maƙwabtaka da masu kashe wannan kuɗi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya yarda cewa ƙawata gida kawai yake yi. Kowa da bayanin da yake bayarwa game da wannan wahala da ya ɗora wa kansa, kuma kowane bayani an yanka shi ne daidai yadda zai fitar da na gidan gaba daga sahu.

Wanda kowa ya yarda a raina shi ne mai balan-balan. Ya je kanti ya sayo fatalwar leda mai murmushi, ya jona mata fanka, cikin minti biyar ta kumbura ta miƙe, ya koma gaban talabijin. Da rana in ya kashe wuta, sai ta kwanta warwas a kan ciyawa. Ka tambaye shi, ya ce, "Ni don yara nake yi." Gaskiyarsa kuwa, domin ba wanda ya wuce shekara huɗu da ya taɓa waiwayarta.

Sama da shi kaɗan akwai mai dogon kwarangwal. A 2020, ana tsakiyar zaman korona, kantin Home Depot ya fito da wani kwarangwal na roba mai tsawon ƙafa 12, idanunsa na lantarki suna juyawa suna ƙiftawa, a kan dala 299. Kafin ka ce kwabo ya ƙare a kasuwa, 'yan kayi-nayi suka shiga sayar da shi da tsada a intanet. Wanda ya samu ya yi murna, amma bai yi lissafin wayewar garin 1 ga Nuwamba ba: ina za a ajiye wannan ƙato? Sai ya bar shi a tsaye, ya mayar da rashin wurin ajiya aƙida. A Disamba ya sa masa jar hula, a Fabrairu ya rataya masa zanen zuciya, ranar 4 ga Yuli ya danƙa masa tuta. Har suna ya raɗa masa. "Ai ɗan gida ne," in ji shi. Da ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko masa takarda cewa lokacin kayan Halowin ya wuce, sai ya amsa musu cewa wannan kayan Kirsimeti ne, ko ba su ga hular ba?

To, amma nawa mutumin, wanda katanga ɗaya ta raba mu, shi ne Injiniya. Ba aikinsa ke nan ba, a wani ofishin inshora yake, ni na raɗa masa sunan kuma ya karɓa hannu bibbiyu. A wurinsa duk abin da aka sayo a kwali ba ya cikin lissafi. "Maƙwabci," yakan ce mini, "waɗancan sayayya suke yi. Ni ƙira nake yi." Motarsa ta manta rabon da ta kwana a gareji. Tana waje ƙanƙara na rufe ta, saboda a ciki akwai akwatunan gawa guda uku da rabin ƙofar maƙabarta da tulin bututun roba da za su zama haƙarƙari.

Shekararsa tana farawa tun sanyi bai tafi ba. A farkon shekara yakan ɗauki hutu ya tafi birnin St. Louis, inda ake babban baje kolin masu gidajen ban tsoro na kasuwanci, ya dawo da littafi cike da zane da ido jajur. Daga nan sai wurin 'yan gwangwan, yana neman injin da ke kaɗa abin goge gilashin mota, don shi ne yake ɗaga murfin akwatin gawa ya sauke a hankali. Duwatsun kaburburansa kuwa allunan soso ne da ake sa wa bango don tare sanyi. Ya sassaƙa su, ya shafa musu toka-tokan fenti, ya bi da baƙi mai ruwa-ruwa don ya gangaro kamar zubar ruwan sama na shekara ɗari. Na taɓa ganin sa ya yi yini guda yana tsufar da dutse ɗaya, sannan ya ja da baya ya girgiza kai ya ce har yanzu da sauran ƙuruciya.

Kada ka yarda ka tambaye shi game da hazo, sai in ba ka da wurin zuwa. Hazon da inji ke fitarwa da ɗumi yake fitowa, don haka sama yake yi, ya zama hayaƙi kawai, abin kunya. Sai an bi da shi ta cikin kula cike da ƙanƙara ya yi sanyi, sannan ya yi nauyi ya riƙa rarrafe a tsakanin kaburbura. Wannan darasi na sha shi a tsaye, da ledar cefane a hannu, har naman da na sayo ya fara narkewa. Daga hazo ya wuce zuwa fatalwar da ke tagar benensa, wadda ba majigi ke haska ta ba, Allah ya kiyaye, gilashi ne a karkace da fitila a ɓoye, dabarar da wani John Henry Pepper ya nuna wa mutanen Landan a 1862, wadda kuma gidan fatalwa na Disneyland yake aiki da ita tun buɗe shi a 1969. Ya ba ni aron wani fim na 2012 mai suna The American Scream, a kan wasu magidanta uku irinsa a garin Fairhaven na jihar Massachusetts, ya ce in kalla zan fahimce shi. Na kalla. Matansu na fahimta.

Daga watan Agusta kuma sai gwaji. Injin tara iska ya tashi da ƙarfe goma na dare, wani abu ya yi tsaki, wani ya yi kururuwa, shiru, sai a sake. Na'urar da ke gane motsi ba ta bambanta yaro da mage da ɗan kai wasiƙa, saboda haka mage ɗaya ta isa ta tayar da matattun layin gaba ɗaya da tsakar dare. Tsanina ya fi zama a gidansa fiye da nawa.

Wata shekara kawuna ya zo daga gida ganin likita, ya faɗo daidai tsakiyar Oktoba. Mun fito da safe, ya hangi kaburbura jere a gidan maƙwabci, ya tsaya cak ya yi musu sallama yadda aka koya mana. Sannan ya juyo ya ce, "Kai ɗan nan, su waɗannan ba su da maƙabartar gari ne?" Na ce, "Kawu, soso ne, wasa ne na mutanen nan." Ya matsa ya tabbatar, na'ura ta gan shi, murfi ya ɗaga. Ban san Kawu yana da sauran gudu irin wannan ba, likitan ma da ya gani da ya rage masa magani. Injiniya ya fito yana ba da haƙuri, amma fuskarsa ta kasa ɓoye farin ciki. Har yau in yana lissafa nasarorinsa, da Kawu yake farawa.

Duk wannan fama na wata da watanni saboda awa uku ko huɗu ne na dare ɗaya, kuma ƙarshen Oktoba ba ya rasa iska ko yayyafi. Iska ta kwashe hazon zuwa gidan mai balan-balan, a riƙa yaba wa mai balan-balan. Washegari ka sami Injiniya da littafinsa yana rubuta gyaran baɗi. Amma akwai abin da ya sa ba na iya fushi da shi. A aljihunsa akwai wani ɗan maɓalli. In ya hango ƙaramin yaro ya maƙale a ƙafar uwarsa, sai ya danna, komai ya tsaya cik, ya cire abin rufe fuska ya durƙusa ya nuna wa yaron cewa ƙoƙon kan nan roba ne, har ya ba shi ya taɓa.

Malamin tarihi shi kuma raina su duka yake yi, har Injiniya. Ba roba, ba lantarki. Kabewa da kyandir da karan masara, shi ke nan. Shi a ganinsa al'ada yake rayawa: bikin Sawin na tsoffin mutanen Ailan da Sikotilan, da jajibirin ranar waliyyai ta Kirista, da Ailanawan da yunwar shekarun 1840 ta koro Amurka da al'adarsu. Zai gaya maka cewa a can asali ma ba kabewa ake fafewa ba, wata saiwa ce mai tauri, a nan aka samu kabewa ta fi sauƙin wuƙa. Yana magana, ni hankalina yana kan kabewar. Lafiyayya, wadda za ta yi miyar taushen gidan suna, an fafe ta an yi mata haƙora an bar wa kurege.

Mai fitilu ya ce shi nishaɗi yake shiryawa. Ya ɗaure gidan da dubban ƙananan ƙwayaye masu rawa da kiɗa, ya kafa allo cewa ka kama tasha kaza a rediyon motarka. Motoci su yi layi har su toshe ƙofar kowa, waƙa ɗaya tana dawowa duk bayan kwata, wata guda cur. Sai mai tarawa, wanda ranar sallarsa 1 ga Nuwamba ce. Kantunan Spirit Halloween, da suka faro daga Kalifoniya a 1983 kuma yanzu sukan buɗe fiye da 1,500 duk kaka a gine-ginen da wasu kantuna suka tashi suka bari, suna karya farashi kafin su rufe. Da asuba yana ƙofa. Ya kama hayar ɗakin ajiya, kwalaye har rufi, rabinsu ba a taɓa buɗewa ba. Ƙofar gidansa kuwa kabewa ɗaya ce tal. Ya ce shi adanawa yake yi.

Duk waɗannan, dariya nake musu kuma ina gaishe su. Akwai guda ɗaya da ba na yi wa dariya.

Shi ne mai jini. Ba fatalwa yake so ba, gawa yake so, kuma yana son ta yi kama da ta gaske: butum-butumi a naɗe cikin baƙar leda da igiya, ƙafa a leƙe daga ƙarƙashin ƙofar gareji, jan fenti a kan dandamali. Kusan kowace shekara sai an ji labarin an kira 'yan sanda wani gida saboda irin wannan, kuma shi abin alfahari ne a wurinsa. Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa a layin akwai waɗanda suka gudo daga yaƙi, suka ga gawa a bakin hanya ba ta leda ba. Akwai tsohuwar da ta binne ɗanta bara. Mafi muni, wani sai ya rataye butum-butumi a reshen itace da igiya a wuya. A Amurka fa. Ƙungiyar Equal Justice Initiative da ke Montgomery a jihar Alabama ta tattara bayanan baƙaƙen fata fiye da 4,400 da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1877 da 1950, da yawansu a kan itace aka rataye su, jama'a na kallo ana ɗaukar hoto. Jikokinsu suna bin wannan layi da 'ya'yansu neman alawa. Daren bikin kuma mai jinin ya ɗauko zarto mai inji da ya cire wa sarƙa, ya bi 'yan shekara biyar da gudu, matarsa ko abokinsa na ɗauka da waya. Ka yi magana, ya ce, "Haba, wasa ne fa, ai abin da Halowin ke nufi ke nan." Ƙarya ne. Injiniya ya fi shi sanin tsoro nesa ba kusa ba, kuma yana yawo da maɓalli. Wannan mugunta ce kawai ta samu ranar da ba a hana ta fita.

Saura kashi na ƙarshe, masu cewa su ba ruwansu. Ba addininsu ba ne, ba al'adarsu ba ce, daren bikin sukan kashe fitilar ƙofa, alamar da yaran nan suka sani ta cewa babu alawa a gidan. In 'ya'yansu sun dame su, su ce ai wannan tashe ne da ya rasa watan azumi, mu namu ya fi ma'ana. Amma ka lura da yadda motarsu ke rage gudu a gaban kowane gida. Sun san wanda hazonsa ya gyaru bana da wanda ya maimaita kayan bara, suna da ra'ayi mai ƙarfi a kan launin fitila, kuma ranar 1 ga Nuwamba ba a riga su zuwa layin alawar rabin kuɗi. Na san ɗaya daga cikinsu sosai. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ƙanƙarar da ke sanyaya hazon Injiniya daga firjin gidansa take fitowa.

Kai kuma mai shirin zuwa, in ka sauka a Oktoba ka ga mutum kwance a ƙofar wani gida, kada ka ruga kamar Kawu, kada kuma ka wuce kana dariya. An taɓa samun gawar gaske a ƙasar nan da masu wucewa suka ɗauka kayan biki ce, ba sau ɗaya ba. Ka duba ko akwai wayar lantarki a bayansa. In babu, kira 911.