Yadda ake bitar faci har mai shi ya gaji

Wani bawan Allah ya turo gyara ga Patchwork, manhajar nan da Jeremy Kerr ya fara rubutawa, wadda masu kula da Linux ke bin sawun faci da ita. Buƙatarsa ba ta taka kara ta karya ba: a ƙarƙashin kowane faci a riƙa bambanta tsokacin da aka magance da wanda ba a taɓa ba. An ce kai za ka duba. To, ga yadda gwanaye ke yi.

Kada ka kuskura ka kunna manhajar don ganin yadda abin ya fito, wannan aikin 'yan koyo ne. Kai dai ƙirga haruffa. Da Python aka rubuta ta a kan Django, ƙa'idar PEP 8 kuma ta ce kada layi ya wuce haruffa 79. In ka tsinci mai 80, yi hamdala, kakarka ta yanke saƙa. Ce masa ya sake turowa.

Ya sake turowa? Sai maganar launi. Ka ce koren maɓallin da ya saka ya yi yawa. In ya rage, ka ce yanzu sai an sa tabarau. Jawo abokai biyu cikin musun, domin launi kowa na da fatawa a kansa, har wanda bai san inda fayil ɗin CSS yake ba. Duk amsar da za ka bayar, kwafo saƙonsa gaba ɗaya ka liƙa kalma guda can ƙasa, a ga ko sabon tsarin zai iya da irinka.

Akwai wani ɗan lungu a cikin gyaran inda ya rubuta |safe a jikin tsokacin. Wato Django ya daina tace rubutun ke nan, duk wanda ya turo imel ɗauke da JavaScript zai iya sa shi aiki a burauzar mai karantawa. A 2019 an toshe wata kafa mai kama da wannan a Patchwork, ta wajen Message-ID. Amma gane wannan sai da natsuwa, kai kuma yunwa kake ji. Wuce kawai.

A turowa ta bakwai, lokacin da ya daina gaishe ka a farkon saƙo, sai ka rubuta Reviewed-by da sunanka, Patchwork ya ƙara 1 a ƙarƙashin harafin R. In abin ya fashe daga baya, tuna wa jama'a cewa tun farko kai ka nuna damuwa a kan koren nan.