Ɗawafin da Na Yi a Dogondutsi

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ta Mairairayi, cikin yankin Mayahi, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da abin da ya fi rumbun hatsi tsawo ba in ban da gawo da goriba, to, ba a yi masa adalci ba idan aka tuhume shi da jahiltar sha'anin duwatsu, domin ilmin kowane mutum gwargwadon abin da ƙasarsa ta hore masa ne. Mu masana rairayi ne: mun san mai riƙe sawu, mun san mai cinye ƙafar jaki, mun san wanda in an binne gero a cikinsa bayan ruwan shuka ba ya ba da kunya.

Da wannan ilmi na tafi Dogondutsi ziyarar ɗan ƙanwata da ke koyarwa a lakwal, mota ta bi da ni ta Maradi da Madawa da Birnin Konni, wato kusan hanyar da rundunar Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan ta biyo a 1899, sai dai su daga yamma suka taho, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, suka ƙone Konni, kafin ajali ya cim ma shugabannin nasu a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Da dare ya yi, muna shan shayi, yaron ya ce, "Kawu, gobe in Allah ya kai mu, ya kamata ka kewaya duwatsun nan na bayan gari. Akwai 'yar hanya da ke zagaye su, ta dawo da mutum inda ya tashi." Na ce masa malamai sun ambaci tafiyar neman ilmi, da ta hajji, da ta fatauci, da ta sada zumunci, amma tafiyar da maƙasudinta shi ne mutum ya koma inda ya fito, bai sayo ba bai sayar ba, ban taɓa riskar babinta a Risala ko Iziyya ba. Sai ya kawo hujjar yin tafiya a bayan ƙasa domin i'itibari, ya kuma shiga bayani, ya ce Dallol Mawri da garin ke cikinsa tsohon kogi ne wanda ruwansa ya zaizaye tudu a zamanin da, ya bar waɗannan duwatsu tsaitsaye saboda marmara mai ƙarfe da ta rufe kawunansu, alhali jikinsu yashi ne kawai wanda tsawon zamani da nauyi suka dunƙule. Da jin kalmar yashi hankalina ya kwanta, har da ya ce zai haɗa ni da wani ɗalibinsa ɗan jagora na ƙi, domin ban ga dalilin da zai sa ɗan Mairairayi ya nemi mai nuna masa hanya a cikin yashi ba, ko da kuwa yashin ya miƙe tsaye.

Bayan hantsi na fita cikin babbar rigata ta shadda da rawani da takalmin fata mai santsi, da buta a hannu, saboda bai dace mutum ya je ganin ayoyin Ubangiji cikin shigar noma ba. Farkon hanyar babu laifi. Amma da na shiga tsakanin duwatsun, inda ruwan damina ya yanka kwazazzabai masu jajayen bango, kowanne da gezarsa da anzarsa, kowanne kuma kama da ɗan'uwansa kamar tagwayen da uwarsu kaɗai ke bambancewa, sai na fahimci cewa wannan yashi ya yi ridda daga ɗabi'ar yashi, domin ba ya riƙe sawu, ba ya tausaya wa mai faɗuwa, kuma tsakuwar marmara da ta zuba a gangarensa ba ta da wata sana'a sai mirginawa ƙarƙashin tafin takalmi.

A bakin wani kwazazzabo na tarar da wata dattijuwa tana sarar itace, muka gaisa, na wuce. Na yi tafiya mai nisa, ina riƙe dutsen a hannun hagu kamar yadda hankali ya hukunta, har na iske wata dattijuwar, ita ma da gatari da baƙin zane, na yi mamakin yadda matan Arewa ke kama da juna, na gaishe ta, ta amsa tana kallona. Da na sake iske ta bayan rana ta take, damin itacenta ya kusa cika, sai ta ajiye gatari ta ce, "Malam, mi kaka biɗa? Ko ɗawahi kaka yi?" Na ce, "Baiwar Allah, ɗawafi ba ya inganta sai a Ɗakin Allah, ni i'itibari nake yi." Ta ce to, in na ƙare, hanyar gari tana bayana, wannan da nake zagayawa ɗan ƙaramin dutse ne da awaki ke sha wa inuwa.

Ban ga ya dace in karɓi fatawa nan take ba, sai na yanke shawarar hawa sama in hango garin da idona. A tsakiyar hawan azahar ta riske ni, ruwan buta kuwa saura kurɓi, aka shiga mas'alar da Ahalari ya shirya mu dominta tun muna yara: na sha ruwan, na yi taimama da dutsen, wanda a mazhabar Imamu Malik ya halatta, kuma wannan ne kaɗai amfanin da na samu a jikinsa. Ina shafa shi yana marmashewa a tafina, yashi tsantsa, irin na ƙofar gidanmu.

Saukowa kuwa ba ni na yi ta ba, yi mini ita aka yi, domin tsakuwa ta ɗauke ƙafafuna, na zauna ba da niyya ba, na taho a zaune ina salati, buta na gaba, takalmi ɗaya na biye, rawani ya warware ya maƙale a geza, har na tsaya cikin ƙarangiya a gaban dattijuwar nan, wadda ta ce mini sannu, sa'an nan ta kira jikanta mai amalanken jaki. A kan damin itace na shiga Dogondutsi, ina dafe da bayan rigata.

Washegari na je kasuwa neman tela, ina ɗingishi, sai na ji murya daga wajen masu itace tana cewa, "Alhaji, an sauka lahiya?" Kafin la'asar mai shayi da mai tsire da telan kansa duk Alhaji suke ce mini, kuma direban da ya maido ni ya kai sunan har tashar Mayahi.