Ƙafa Biyu, Feda Uku

Har yanzu cinyata ta dama ba ta daina rawa ba, amma gara in rubuta yadda abin ya faru tun kafin mutanen Mayayi su gama zuba masa gishiri. Na ji labarin ya riga ya isa tashar Tasawa, kuma a bakin ƴan kamasho wai har rijiya na faɗa da mota. Ƙarya suke yi. Babu rijiya a ciki. Gawo ne.

Ra'ayina sananne ne a fadarmu ta shayi a Maradi: zamanin giyar hannu ya wuce. Allah Ya ba ɗan Adam ƙafa biyu, don me za a jera masa feda uku? Hujja kuwa ba na rasawa. A Amurka, cikin sababbin motoci 100 da ake sayarwa, masu giyar hannu ba su wuce 2 ba. A Faransa, mai neman permi na otomatik darasin awa 13 doka ta ɗora masa, mai neman na giyar hannu awa 20. Motata Corolla ce ƴar Amurka, D gaba, R baya, P ka sauka ka sha fura. Abokaina kan ce namijin da bai iya giyar hannu ba fasinja ne da aka ba sitiyari. Su ce in batir ɗina ya mutu, ko yaran unguwa duka sun taru ba su tayar da ita da turi, alhali ta hannu a sa ta a biyu, a tura, a saki kuloci, shi ke nan. Su ƙara da cewa kuloci in ya ƙone, makanike a inuwar bedi zai canza shi kafin la'asar, akwatin otomatik kuwa sai an nemo gwani. Ni kuma in ce masu wannan duk hirar Fijo 504 ce, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma su ma can suka tsaya. Permi ina da shi, da giyar hannu ma na ci jarrabawar tun ina saurayi. Daga ranar ƙafata ta hagu ta yi ritaya.

Shekaranjiya aka yi bikin ƙanwar matata a ƙauyensu da ke bakin Gulbin Kaba, ango kuma ɗan Tasawa. Corolla na bar ta a Mayayi, don cikinta a ƙasa yake, rairayin can kuwa ba ya raga wa mai ƙaramar ƙafa. Kabu-kabu ya ƙarasa da mu. Surukina falke ne na gero da wake da riɗi, yana da tsohuwar Hilux mai shan gazuwal. An loda mata gado da katifa da kumbo da kwanonin samira, da gara har da nakiya da alkaki, sai aka aiko cewa masassara ta kwantar da direba. Baba ya waiga ya dube ni.

"To ai da direba a gida. Malam, ga makulli."

Duk Bahaushe ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ta wane baki zan ce, "Baba, sai otomatik"? Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Maroƙi ya hango, ya zaburo ya tsaya daidai hancin mota. "Ga giwa ta shiga! Mutumin birni, mai tuƙi da yatsa ɗaya! Kwalta ta san ka, rairayi zai san ka!" Mata suka rangaɗa guɗa.

Na yi bismilla, na murɗa makulli.

Akwai abubuwa uku da direban nan ya ɓoye a cikinsa ya tafi ya kwanta da su, kuma Allah Ya isa ban yi masa ba don dai yana jinya. Na farko, birkin hannu ya daɗe da rasuwa, saboda haka a giya ta ɗaya yake ajiye motar. Na biyu, makullin ya siɗe, yana iya zarewa inji na aiki. Na uku, birkin ƙafa sai an yi masa famfo kafin ya tuna aikinsa. Injin gazuwal mai ɗumi, a giya ta ɗaya, ba a taka kuloci ba, aka murɗa masa makulli. Mota ta tashi da tsalle. Maroƙi yana tsakiyar "giwa" ya yi alkafura gefe, hularsa ta bi iska. Kwanoni suka amsa daga baya. Makulli ya fice, na ji ƙararsa wani wuri ƙarƙashin kujera. Mota kuma ta miƙe, ta nufi inuwar gawon da dattawan gari ke zaune kan tabarmi.

A Corolla birki shi ne na hagu, fedar kuma faffaɗa ce. Ƙafata ta dama, mai biyayya ga abin da ta saba, ta tsallake totur, ta tsallake birki, ta danne na can ƙurya. Mota ta gangara cikin rairayi ta tsaya. Na ce alhamdu lillahi, na ɗaga ƙafa. Ta sake zabura. Na danne. Ta tsaya. Na sassauta. Ta zabura. A nan na gane kuloci nake takawa, kuma a nan na ga inda muka iso: tsakanin hancin motar da tabarmar surukina bai fi kamu uku ba.

Ku tsaya mu dubi hoton nan tare, don ni tun shekaranjiya shi nake gani ko na rufe ido. Ina zaune a karkace, ƙafar dama ta gitta ta danne kuloci, ƙafar hagu ta maƙale bayanta cikin babbar riga, shadda mai sitaci wadda na biya maɗinki jika goma sha biyar. Kulocin tsohuwar Hilux ba abin wasa ba ne, tura ka yake yi. Cinya ta fara kaɗawa, gwiwa na bugun sitiyari. Gumi na bin bayan kunne. Ta gilashi ina kallon Baba, shi ma yana kallona, carbi ya tsaya a yatsansa. Limamin gari ya ɗaga kofin shayi bai kai baki ba, bai kuma ajiye ba. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska, kunyar da ya kamata in ji ta taya ni ɗauka. Guɗa ta mutu a maƙogwaron masu ita. Sai injin kaɗai ke ta gwaf-gwaf-gwaf, da wata jar akuya da ta samu alkakin da ya faɗo tana ci, ita kaɗai ce bikin ya yi wa daidai.

Nan ne Allah Ya aiko mani da mai ceto. Wani tsoho mai sayar da goro ya ajiye faifansa, ya tako a natse, ya jingina da tagata, ya leƙo ya dubi ƙafafuna, ya girgiza kai.

"Ɗana, ba ta san muryarka ba."

"Baba, makulli nake nema."

"Ba makulli ba ne. Baƙunta ce. Kai ka hau ta ba sallama. Yi mata magana a hankali."

Wani yaro ɗan lakwal ya kutso tsakanin manya yana ihu: "Tonton, fitar da giya! Sa ta tsakiya!" Wannan ita ce magana ɗaya tak mai amfani da aka faɗa a wurin. Tsohon ya juya ya doka masa tsawa: "Kai! Manya na magana!" Yaro ya koma baya. Tsoho ya dawo kaina.

"Kada ka nuna mata kana tsoro. Suna ganewa."

"Baba, ƙafata ta gaji."

"To canza ƙafa mana."

"In na ɗaga tafiya za ta yi."

"To kada ka ɗaga."

Ya yi shiru yana taunar goro, alamar mutumin da ya warware matsala. Can ya kama madubin gefe ya murɗa shi da ƙarfi. Na ce Baba me kake yi? Ya ce kunne ya kama mata, in an riƙe kunne ba ta motsi. Ya kuma umarci wani saurayi ya tuɓe riga ya rufe mata fitilu, wai in ba ta ga mutane ba hankalinta zai kwanta. Saurayin, Allah Ya shirye shi, ya tuɓe.

Maganar yaron nan dai ta shiga kunnena. Na miƙa hannu ba tare da na duba ba, don idona na kan Baba, na damƙi sandar giya, na ja, na girgiza, na tura, har na ji ta faɗa wani gurbi. Na saki ajiyar zuciya. Abin da ban lura ba, motar nan katkat ce, sanda biyu gare ta. Doguwar ita ce giya. Gajeruwar, wadda na kama, ita ce mai raba ƙarfi, kuma gurbin da na jefa ta shi ne L4, wanda direbobi ke ajiyewa don ranar da mota ta nutse da buhunan gero a gulbi. Gudu ya ragu, ƙarfi ya ninka. Na ɗaga ƙafata da murmushi.

Ba ta yi tsalle ba wannan karon. Tafiya ta kama, sannu sannu, kai a ƙasa, kamar san noma da ya ji garma ta kama. Na taka birki, ya nutse har ƙasa bai ce komai ba. Da a ce da gudu ta yi ɓarnar, da an ce tsautsayi, a yi salati a wuce. Amma saboda rashin saurinta, kowa ya samu lokacin kallo. Dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Liman ya ƙarasa shayinsa, ya ɗauki buta. Wani ya naɗe tabarmarsa, ya dawo ya ɗauki rediyonsa. Baba shi ne na ƙarshe. Ya tashi, ya koma gefe, ya harɗe hannu a baya, yana kallon tayar gaba ta hau takalmansa na fata, ƙafar dama tukuna, sannan ta hagu. Tayar baya ta zo ta maimaita, don kada a ce an yi aiki rabi.

Tsoho mai goro kuwa yana biye da ni a ƙafa, hannunsa kan madubi, ko numfashinsa bai canza ba.

"Yauwa. Ka gani? Ta fara sabawa da kai."

"Baba, ba ta tsayawa!"

"Bar ta ta gaji don kanta. Kada ka ja da ita. Gida za ta, ta san hanya."

"Gawo za ta!"

"Inuwa take so. Kai ma da kai ne da wannan kaya, ai inuwa za ka nema."

Muka isa gawo. Ta ɗora masa goshi cikin ladabi, gawo ya ƙi matsawa, ita kuma ta ƙi haƙura. Tayoyin baya suka shiga haƙa, suna watsa rairayi kan masu guɗa, kan tukunyar miya, kan maroƙi da ya dawo neman hularsa. Kakar matata, wadda ke kirana angonta, ta dafa sanda tana dariya har da hawaye: "Maigida, in haka kake tuƙi, na fasa auren! A mayar maka da sadakinka!"

Sai na ga hannu mai lalle ya shigo ta ɗaya tagar. Matata ce. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Malam, taka na hagun." Na taka. Ta bugi doguwar sandar da tafin hannu, ta mayar da gajeruwar mazauninta, ta laluba ƙarƙashin kujera ta zaro makulli, ta kashe inji. Duka bai kai tsawon atishawa biyu ba. Ashe tun tana budurwa ita ke juya wa Baba motar nan a bakin rumbu ranar da direba ya makara. Na ce don me ba ta taɓa gaya mani ba? Ta ce, ƙasa-ƙasa don kada a ji, "Kullum kana cewa zamaninta ya wuce. Ban so in katse ka ba."

Samari suka kawo shebur, aka haƙe tayoyi, aka shimfiɗa kaba da karan gero, aka rage wa tayoyin iska. Baba ya sa aka kawo masa silifas. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai karɓi makulli daga hannun ɗiyarsa, ya juya shi, ya sake miƙa mata, sannan ya dube ni da tausayi.

"Malam ya gaji. A gyara masa wuri a baya, ya riƙe madubin amarya kada ya fashe."

Haka muka bi ta Kanan Bakashe har Tasawa: matata a sitiyari da mayafi ɗaure a ƙugu, amarya da gwaggonta a gefenta, ni a bisa katifa tsakanin ƴan rakiya, na rungume madubi mai tsawon mutum, wanda duk hanya ba ya nuna mani kowa sai ni. Ƴan matan kuma duk sa'ad da aka canza giya sai su haɗa baki: "Yaya, wannan ta nawa ce?"

Game da muhawarar fada, ra'ayina na nan inda yake: feda uku sun yi wa ƙafa biyu yawa. Abin da na ƙara a kai kawai shi ne, namijin da ya auri ɗiyar mai Hilux daga Gulbin Kaba, ko dai ya iya giyar hannu, ko ya iya masassara ranar biki.

Tsohon nan fa, da za mu tashi, sai da ya biyo mu har bakin gari. Ya leƙa tagar matata ya ce ta ci sa'a ya riga ya lallashe motar, in ba haka ba da ita ma ba ta hawu. Sannan ya zagayo baya, ya miƙo mani hannu. Na zaci sallama ce.

"Dala ashirin, ɗana. Akuya ta cinye mani goro ina can ina taimakonka."