A Gaida Gidan Caca, Gatan Baƙi

Masu cewa Amurka ba ta san darajar baƙo ba, ba su taɓa hawa bas ɗin Atlantic City ranar Asabar ba. Bawan Allah ya kwashe mako yana tuƙin tasi a Manhattan, ko sannu fasinja ba ya ce masa, amma yana taka ƙofar gidan caca ya zama babban mutum. A kawo masa abin sha kyauta, har a zuba masa 'yan daloli a kati ya fara taɓawa da su, tukuicin zuwa. Wane gida ne a Bronx yake yi wa baƙo irin wannan tarba?

Ga kuma sanin ya kamata. Ba agogo a bango, ba taga, don kada tunanin lokaci ya dame ka. La'asar ta wuce, magariba ta bi bayanta, babu mai takura maka da tuni. In aljihu ya bushe, na'urar cire kuɗi na nan kusa, ba sai ka wahalar da ƙafa ba. Kuma mutane ne masu gaskiya, lissafinsu a fili yake. Faifan rulet na Amurka gida 38 gare shi, in ka dace a biya ka ninki 35. Na Turai sifili ɗaya yake da shi, amma nan ƙasar yalwa ce, sifili biyu aka sa. Wato cikin kowace dala 100 da aka ɗora, gidan yana ajiye dala 5 da 'yan kai. Zakka biyu da rabi ce cikin ɗari, sau ɗaya a shekara, amma sai an yi ta wa'azi kafin mu fitar. Waɗannan suna karɓar ninki biyu a kowane juyi, kuma da murmushi ake miƙa musu. Don tsabar tausayi ma, a ƙasan kowace talla suna rubuta lambar wayar da za ka kira in caca ta fi ƙarfinka.

Wanda ke shakkar albarkar abin, ya dubi garin kansa. A 1976 mutanen jihar New Jersey suka kaɗa ƙuri'ar yarda da caca don a farfaɗo da Atlantic City, a 1978 gidan cacan Resorts ya buɗe. Farfaɗowa ta yi nisa har a 2014 kaɗai gidaje huɗu cikin 12 suka rufe, ma'aikata kusan 8,000 suka samu hutu. Cikinsu har da Revel, wanda ya ci dala biliyan 2.4 kuma bai kai shekara uku ba. A 2016 Taj Mahal, wanda Donald Trump ya buɗe a 1990, ya bi sahu, a shekarar ce kuma gwamnatin jiha ta karɓe ragamar kuɗin birnin don ta sauke wa mutanensa nauyi. Ka bar bakin teku ka shiga layi biyu cikin gari, za ka ga filaye fayau inda da gidaje ne. Iska tana shiga sosai.

To, ganin wannan rabo a gidan maƙwabci, New York ta ce ba za a bar ta a baya ba. Tun 2013 aka gyara tsarin mulkin jihar, a 2025 aka zo rabon lasisi uku na yankin birnin, kowanne a kan aƙalla dala miliyan 500. Nan na ƙara sara wa dimokuraɗiyya. An kira zaman jin ra'ayin jama'a, kowa ya yi layi, aka ba shi 'yan mintoci ya amayar da abin da ke cikinsa. Kwamitin unguwar da kamfanin Bally's ke son gina gidan caca a Ferry Point da ke Bronx ya ce bai yarda ba, aka gode masa, domin dama shawara kawai doka ta ba shi. Majalisar birni ta yi fatali da batun a watan Yuli, sai magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya hau kujerar na ƙi don ya cece mu daga kuskuren wakilanmu. A Disamba lasisi ya fito. Wurin kuwa filin wasan golf ne da kamfanin Trump ya sayar wa Bally's haƙƙin gudanar da shi, da sharaɗin ƙarin dala miliyan 115 in caca ta tabbata, ka ga ba mu kaɗai za mu amfana ba.

Mutanen Manhattan kuwa sun nuna sadaukarwa. Duk gidajen da aka nemi ginawa a wajensu, har da na Times Square, kwamitocinsu suka ƙi, suka bar wa Bronx da Queens alherin gaba ɗaya. Mai kuɗi ya hana kansa ya ba talaka, ina aka taɓa jin haka?

Mu ma ba mu yi shiru ba. Ana tsakiyar muhawarar, a taron ƙungiyarmu na wata Lahadi, mutanen Kumasi da Maraɗi da Kano duk an hallara, wani Alhajinmu ya miƙe da jajayen idanu, alamar ya raya dare. Ya yi jawabi mai ratsa jiki kan tarbiyyar 'ya'yanmu, ya ce muddin yana numfashi ba za a kafa gidan caca a Bronx ba. Aka yi kabbara. Ma'ajinmu ya duƙa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, zubin adashin wannan makon fa?" Ya ce a yi masa haƙuri, kasuwa ta yi sanyi.

Da aka tashi, wani yaro da ya gan shi a layin bas jiya ya matso ya rage murya: "Baba Alhaji, ai in an gina a nan kun huta da tafiyar awa biyu da rabi."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Kai yaro ne. A can wa ya san ni? Nan kuwa rabin direbobin da za su riƙa ajiye fasinja a ƙofar, sahu ɗaya muke sallah da su."