Yadda Ake Faɗin Fasa-ƙwauri da Sifaniyanci Ba a Tsargu Ba

Ɗan'uwa, in kana son burge majalisar mai shayi a Jega, ka koyi estraperlear. Aikatau ne na Sifaniyanci, ma'anarsa cinikin bayan fage. Ka furta a hankali, don masu ɗorin Aliero ƙashi suke ɗorawa, ba sa ɗora harshe.

Fara da asalinta, ko a ɗauka ka yi karatu. A 1935 aka bankaɗo badaƙala a Sifen kan wata na'urar caca mai suna Straperlo, wadda Strauss da Perlowitz suka nema wa izini da toshiyar baki, har gwamnatin Lerroux ta faɗi. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1939, abinci sai da kati har 1952, sai sunan ya koma kan masu ɓoyo fulawa da man zaitun daga ƙauye su sayar ninkin-ba-ninki.

Sai sarrafawa. Estraperleo, wato “ina yi”. Wannan ka haddace don jarrabawa kawai, ba mai faɗinta. Wa ka taɓa ji ya ce shi ɗan fasa-ƙwauri ne? Sai dai “ina ɗan buga-buga”, ko “muna taɓa harkar hatsi”. Estraperleas, “kana yi”, kada ka gwada ta a kan surukinka, ko da ka ga shinkafar da ke cikin buhunsa ta fi sunan da ke jikin buhun fari.

Wadda za ka mora ita ce estraperlean, “suna yi”. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 har Disamban 2020, shinkafa 'yar waje ba ta ɓace daga tukwane ba, a Kebbin da ke noma tata kuwa. Ka tambayi mai ci, loma a hannu, zai tura baki wajen Kamba ko Dole Kaina ya ce suna yi. Su wa? Allah masani. Haka za ka riƙa faɗinta, da girgiza kai.

Kada kuma zumuɗi ya sa ka jefi mai lodin albasar Aliero da ita, halal ɗinsa yake nema. Mai jarkar bumburutu a bakin titi, shi kam kalmar ta hau kansa daidai. Amma in mai ya ƙare maka a Maiyama bayan isha'i, ajiye Sifaniyancinka, ka yi sallama ka ce, “Ranka ya daɗe, nawa galan?”