Bazazzage da agogon nutso

Bawana Bazazzage, ubangidanka na Kano yana gaisuwa. Labari ya iso mu cewa ka ga Rolex Submariner na hannu a waya, jiki na rawa har kana neman tura kafin alƙalami. Ikon Allah! Agogon da aka ƙera wa masu nutso a teku tun 1953, wanda na yanzu ke jure zurfin mita 300, shi ne zai sauka a hannun mutumin da ko yayyafi aka fara sai ya ruga zaure. Ruwan da zai gani a wurinka bai wuce na alwala ba, shi ma na san cire shi za ka yi ka sa a aljihu.

To tunda ciniki ba gadon gidanku ba ne, ku Turanci kuka iya, gyara zama.

Kuɗin da ka gani a Chrono24 suna ne mai kaya ya sa wa abinsa, kuma baki ba ya gajiya da sa suna. Abin tambaya shi ne nawa aka sallama irinsa a 'yan watannin nan. eBay ma tana nuna waɗanda aka riga aka sayar. In na ce irinsa, ina nufin mai lamba ɗaya. Akwai 116610LN mai faɗin milimita 40 da aka yi daga 2010 zuwa 2020, akwai 126610LN mai 41 da ya gaje shi da sabon inji mai kai awa 70 a ajiye bai tsaya ba. A idon Bazazzage duk baƙin agogo ne, amma a kasuwa ba kuɗinsu ɗaya ba. Kuma kada dillali ya rantse maka cewa kullum tashi yake. Farashin na hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya yi ta gangarowa. Mai faɗa maka kullum tashi yake a lokacin tsada ya saya, ya nemi wanda zai ɗora wa asara a Kano bai samu ba, ya hau motar Zariya.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ƙyalli, don na san ku da son abu mai sheƙi. Duk gogewar da aka yi wa agogo a inji, ƙarfensa ake ci. Dubi ƙahonni huɗun nan da ke riƙe da sarƙa: a wanda ba a taɓa ba, gefensu na da kaifi, kaurinsu ɗaya, a wanda ya sha guga, sun siranta sun yi sulɓi, wani ma ya fi wani. Ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa, shi ya sa masana suka gwammace mai 'yan ƙarje-ƙarje, su biya shi da daraja. Sai ka riƙe kan agogon a gicciye ka saki sarƙar. In ta sunkuya ƙasa, ta saki, rage kuɗi. Tambayi yaushe rabonsa da sabis. Kamfanin ya ce kusan duk shekara goma, kuma ba aikin ɗari biyar ba ne. In babu takardar sabis, cire kuɗinsa daga tayinka. A gwada shi a na'urar matsi, don robar da ke tare ruwa tana tsufa, kodayake kai wannan bai dame ka ba.

Kwali da kati suna ƙara masa kuɗi, sai dai su ma ana buga jabunsu, har gilashin nan mai ƙara girman kwanan wata an iya kwaikwayo. Ba a cinikin biri a sama: kai shi wurin mai gyaran da ya san Rolex ya buɗe bayansa ya ga inji, kafin sisinka ya fita. In kuwa ya yi araha fiye da kima, ko jabu ne ko na sata. Mai son kwanciyar hankali, Rolex da kansa ya fara tantance na hannu a Disambar 2022 da garantin shekara biyu, amma kuɗin ya fi, kuma na san hannunka.

La'adata ba ta da yawa. In Allah ya sa ka saya, aiko shi Kano in ɗaura maka wata shida in ga ko yana tafiya daidai. Agogon bawa ai na ubangidansa ne.